Gidan mai na da, da abin da ya sa Amurkawa ke begensa

 

Hirarmu ta yau ta tarihi ce, kuma za ta kai mu nesa, har ƙasar Amurka. Amma bari mu fara daga gida. Ku da kuke Maraɗi ko Damagaram, Tawa ko Yamai, kun san yadda ake shan mai. Mai mota ko ɗan kabu-kabu ya shiga gidan mai ya tsaya. Ma'aikaci ya zo, a gaisa. Ya ce: "Na nawa za a zuba?" A ce masa na jika biyu, ko a ce ya cika. Ya buɗe tanki, ya zuba, ya rufe, ya karɓi kuɗi, ya ba da canji. Ba wanda ke ganin wani abin mamaki a ciki.

To, a Amurka wannan abin da kuke gani kullum ya zama labari. Can, kusan ko'ina, mai mota shi ke fitowa ya zuba wa kansa mai, ya biya da kati a jikin famfo, ya tafi bai yi magana da kowa ba. Dattawansu in sun zauna hira, sai ka ji suna begen gidan mai na da, inda ake tarbar mutum kamar baƙo. Har akwai masu sayen tsofaffin famfuna da allunan kamfanonin mai da tsada, su ajiye a gida suna kallo. Hausawa sun ce, kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Me suka samu bara? Me ya raba su da shi? Kuma duk abin da suke faɗi a kan bara gaskiya ne? Ku biyo mu.

Lokacin da babu gidan mai

Mota ta riga gidan mai zuwa duniya. A watan Agusta na 1888, wata Bajamushiya mai suna Bertha Benz, matar mutumin da ya ƙera ɗaya daga cikin motocin farko, ta ɗauki motar mijinta tare da ƴaƴanta maza biyu. Ta kama hanya daga Mannheim zuwa Pforzheim, inda uwarta take, tafiyar kamar kilomita 100. Kan hanya mai ya yi ƙasa. Ina za ta samu? Sai ta shiga farmasin wani gari mai suna Wiesloch, ta sayi wani irin mai da ake fid da dauɗar tufafi da shi, ta ɗura wa motar. Har yau mutanen garin suna alfahari da cewa farmasinsu ne gidan mai na farko a duniya.

A Amurka ma hakanan abin ya faro. A wancan zamani kananzir na fitila shi ne sarkin kasuwa. Isansi kuwa, wanda maƙwabtanmu na Nijeriya ke cewa fetur, ba shi da daraja sosai. Mai mota yakan je wajen mai kanti ko maƙeri, a ɗebo masa daga ganga a cikin gwangwani, a sa mazurari, a tace da ƙyalle, a ɗura. Mai yana zuba a ƙasa, yana taɓa tufafi. Gobara kuwa ba a magana.

A 1885 wani mutum mai suna Sylvanus Bowser, a jihar Indiana, ya ƙera famfo na auna kananzir a kanti. Daga baya, wajen 1905, aka gyara shi ya zama na ɗura wa mota isansi. Masu kantuna suka riƙa kafa shi a bakin titi. A 1908 Henry Ford ya fito da motarsa mai araha, Model T, wadda manomi da ma'aikaci za su iya saye. Kafin a daina ƙera ta a 1927, an yi guda miliyan 15. Motoci suka yi yawa, layin masu shan mai ya riƙa toshe titi. Dole a nemi wuri na musamman.

An fara gina irin wannan wuri a birnin St. Louis a 1905, sannan a Seattle a 1907. Amma wanda aka fi tunawa shi ne wanda kamfanin Gulf ya buɗe a birnin Pittsburgh ran 1 ga Disamba 1913. An yi masa rumfa, an bar hanyar da mota za ta shiga ta tsaya ta fita. Ranar farko an sayar da galan 30, wato kamar lita 114, kowane galan santi 27. Ku lura: galan ɗaya na Amurka ya kusa lita 4, santi 100 kuma su ne dalar Amurka ɗaya, ba dalarmu ta tamma biyar ba. Abin da ya bambanta wannan gida shi ne, ban da mai, ana ba da iskar taya kyauta, ana ba da ruwa kyauta, ana duba baƙin mai. Shekara ta zagayo, kamfanin ya fara raba taswirar hanyoyi, ita ma kyauta.

Me ya kawo kyauta?

Kada ku ce tsabar kirki ne. Banza ba ta kai zomo kasuwa. A 1901 an haƙo mai da yawa a jihar Texas, sababbin kamfanoni irin su Gulf da Texaco suka taso. A 1911 kuma kotun ƙolin Amurka ta raba babban kamfanin Rockefeller, Standard Oil, gida 34, don ya mamaye kasuwa shi kaɗai. Masu sayarwa suka yi yawa, kowa yana neman ciniki.

To, ga matsala. Isansi ba atamfa ba ce da za a shafa a ce wannan ta fi wannan. Yana shiga tanki, ba mai sake ganinsa. Kuɗinsa ma kusan ɗaya ne ko'ina. Da me za ka ja mai saye ya bar na maƙwabcinka ya zo naka? Sai da tarba. Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. Kamfanoni suka gane haka, suka maida tarba ita ce hajarsu.

Abu na farko da suka nema shi ne yarda. Mutane suna tsoron a tauye masu mudu. Saboda haka cikin shekarun 1920 aka yawaita famfo mai babbar kwalba a kansa. Ma'aikaci ya yi ta kaɗa hannun famfo har mai ya hau ya cika kwalbar, yawanci galan 10, da zane a jikinta. Mai saye ya gani da idonsa, sannan a sake shi ya gangara cikin tanki. Dattawanmu da suka yi tafiya a mota tun zamanin Faransawa za su tuna da ɗan uwansa, famfon hannu mai kwalabe.

Abu na biyu shi ne tsabta. Iyali sun fara doguwar tafiya da mata da yara, kuma inda uwargida ta ce a tsaya, nan ake tsayawa. A 1938 kamfanin Texaco ya yi wa makewayin gidajen mansa rajista, ya sa masu bincike suna yawo cikin fararen motoci suna duba ko an wanke. Ku ji fa, kamfanin mai yana gasa da makewayi! Don tuwon gobe ake wanke tukunya.

Yadda ake tarbar mai mota

Yanzu bari mu kai ku wani gidan mai na shekarun 1950 ko 1960, lokacin da abin ya kai ƙarshen kyansa, ku ga abin da ake bege.

A bakin shiga an shimfiɗa wani siririn tiyo na roba a ƙasa. Da taya ta taka shi, sai ƙararrawa ta buga a ciki, sau biyu, ta gaba da ta baya. Wannan ƙara ita ce abin da dattawan Amurka suka fi ambata. Kafin direba ya kashe mota, ga ma'aikaci ya fito da sauri, wani lokaci su biyu ko uku. Suna sanye da kayan aiki iri ɗaya, da hula, an ɗinka sunan kowa a ƙirjin rigarsa, da tsumma a aljihun baya.

Ɗaya ya gaida direba, ya tambaye shi wane iri za a zuba, ya sa tiyo a tanki. Mai yana zuba, hannu bai zauna ba. A wanke gilashin gaba da na baya. A ɗaga murfin inji, a zaro ƙarfen auna baƙin mai, a goge, a mayar, a sake zarowa, a kawo wa direba har taga ya gani da idonsa. A duba ruwan inji. A duba ruwan batir. A taɓa bel a ji ko ya saki. A zagaya tayoyi huɗu da ma'aunin iska. In baƙo ne ya ɓata hanya, a ɗauko taswira, a zana masa da fensir, a ba shi ya tafi da ita. In ya biya, a ba shi canji daga wani ɗan ƙarfe da ma'aikaci ke ɗaurawa a ɗamara. Sau da yawa har da tukuici daga gidan mai zuwa ga mai saye: kofin gilashi, ko faranti, ko ƴan takardu da ake tarawa a karɓi kaya da su. Duk wannan, direba bai sa ƙafa a ƙasa ba, ko ana ruwa, ko ƙanƙara na zuba.

Wannan dubawa ba ado ba ce. Motar wancan zamani tana shan baƙin mai, tana zafi, tayarta mai tsub ce, tana yawan faci. Akan juye baƙin mai kowace kilomita 1,600 zuwa 3,000, a sa giris a gaɓoɓinta. Saboda haka kusan kowane gidan mai yana da garaji a gefe, ɗaki ɗaya ko biyu, da rami ko abin ɗaga mota. Kuma a nan ribar take. Abin da mai gida ke samu a kan galan kaɗan ne. Taya da batir da bel da gyara su ke ciyar da shi. Yaron da ya ɗaga murfin inji yana taimakon mai mota, yana kuma nemo wa ubangidansa aiki. Kowa ya amfana.

Mai gidan man kuwa yawanci ɗan garin ne. Ko nasa ne, ko ya karɓa haya daga kamfani. Ya san motar kowa kamar yadda makiyayi ya san shanunsa. Ya san wadda ke tari da safe, ya san wadda birkinta ya kusa ƙarewa. Yana da littafin bashi, manomi ya sha mai sai kaka ya biya. In motarka ta mutu da dare kan hanya, shi za ka kira. A ƙananan garuruwa gidan mai ya zama majalisa, tsofaffi suna zaune kan benci suna shan lemo, labarin gari duk a nan ake jinsa.

Ga wani abu kuma da ya kamata ku riƙe. Gidan mai makaranta ce. Saurayi yakan fara da wankin gilashi bayan an tashi daga lakwal. Daga nan ya koyi faci, ya koyi juyen baƙin mai, ya koyi birki, har ya kai ga buɗe inji. Ya koyi gaida mutane da riƙon kuɗin wani. Makanikai da yawa a Amurka ta wannan ƙofa suka shiga sana'a, kamar yadda yaran mota da yaran garaji ke yi a wajenmu. Wasu ma wata sana'ar suka tarar a can. Harland Sanders, mai soyayyar kazar nan ta KFC da ta zagaye duniya, a gidan mai ya fara, a garin Corbin na jihar Kentucky, a 1930, yana dafa wa matafiya abinci.

Abin da masu bege kan manta

Jama'a, mai bege ba ya ba da labari duka. Mu da muke tarihi, dole mu faɗi ɗaya gefen.

Na farko, ba kowa ake yi wa wannan tarba ba. A wancan zamani akwai wariyar launin fata a Amurka, musamman a jihohin kudu. Baƙar fata yakan tsaya a gidan mai, a karɓi kuɗinsa, amma a hana matarsa da ƴaƴansa shiga makewayi. Wani wurin ma ko man ba za a sayar masa ba. Iyalai da yawa in za su yi tafiya sai su ɗauki guzuri, da jarkar mai, da bokiti, don gudun wulaƙanci. Wannan ya sa wani ma'aikacin gidan waya baƙar fata a birnin New York, Victor Green, ya fara buga wani ɗan littafi a 1936. Ana kiransa Koren Littafi. A ciki ya jera masaukai da gidajen abinci da gidajen mai inda baƙar fata zai tsaya ba a ci mutuncinsa ba. Gidajen man Esso suna cikin masu raba shi. Sai a 1964 aka yi dokar da ta hana wariya a wuraren jama'a, bayan ƴan shekaru kuma aka daina buga littafin. Kun ga, baran wani ba baran wani ba ce.

Na biyu, man kansa yana da guba. Tun 1923 aka fara sayar da isansi mai haɗe da dalma, don inji ya daina ƙwanƙwasa. Dalma tana fita da hayaƙi, tana shiga jini, tana taɓa ƙwaƙwalwar yara. Saurayin da ke tsaye bakin famfo tun safe har dare yana shaƙa, yana wanke hannu da shi. Amurka ba ta hana shi ga motoci gaba ɗaya ba sai 1996. Ƙasa ta ƙarshe a duniya da ta bar sayar da shi ita ce maƙwabciyarmu Aljeriya, a 2021.

Na uku, albashin ma'aikaci kaɗan ne, aikin kuwa cikin sanyi da rana, ga tsoron ɓarayi da dare. Kuma ba a rasa macuta ba. A kan manyan hanyoyi, inda baƙo ba zai dawo ba, akwai masu ƙin tura ƙarfen awo har ƙasa don a ce baƙin mai ya ragu, a sayar maka da wanda ba ka bukata. Kowace kasuwa da nata.

Yadda abin ya watse

Ba rana ɗaya aka wayi gari babu shi ba. Abubuwa ne suka taru.

A 1947 wani ɗan kasuwa mai suna Urich ya buɗe gidan mai a Los Angeles inda mai mota ke zuba wa kansa. Ya rage santi 5 a kan galan. Ƴan mata ke zagayawa suna karɓar kuɗi. Jama'a suka yi ca. Sauran masu gidajen mai suka tsorata, jihohi da yawa suka yi dokar hanawa, suka ce ana gudun gobara. A 1964, a jihar Colorado, wani mai kanti, John Roscoe, ya kafa na'urar da mutum ɗaya zai zauna cikin kanti ya buɗe famfo daga nesa. Daga ranar, aikin mutum uku ya koma na mutum ɗaya.

Hanyoyi ma suka canza. A 1956 shugaba Eisenhower ya sa hannu a dokar gina manyan hanyoyi masu ratsa ƙasar, kimanin kilomita 66,000. Waɗannan hanyoyi ba su bi ta tsakiyar ƙananan garuruwa, kewaye su suke yi. Gidan man da ke kan tsohuwar hanya ya wayi gari motoci suna wucewa can nesa. Shahararriyar hanyar nan mai lamba 66, wadda ta tashi daga Chicago zuwa Los Angeles tun 1926, an soke ta daga jerin hanyoyin ƙasa a 1985.

Amma babban bugu ya zo a watan Oktoba na 1973. Yaƙi ya ɓarke tsakanin Larabawa da Isra'ila, ƙasashen Larabawa masu mai suka hana sayar wa Amurka. Cikin ƴan watanni gangar ɗanyen mai ta tashi daga kamar dalar Amurka 3 zuwa kusan 12. Galan ɗin isansi da ke wajen santi 39 ya kai 55. Layi ya yi tsawo, aka roƙi gidajen mai su rufe ran Lahadi, wasu jihohi suka raba ranakun shan mai bisa lambar mota. A 1979 aka yi juyin juya hali a Iran, abin ya sake dawowa, har galan ya haura dala ɗaya. To, wanda mutane ke layi a ƙofarsa, me zai sa ya ba da kofi kyauta? Taswirar kyauta ta ɓace, tukuici ya ɓace. Mai saye kuma, da aka ajiye masa famfo biyu, ɗaya da hidima ɗaya babu, sai ya nufi mai araha. Jihohi suka bi suna soke dokokin hanawa ɗaya bayan ɗaya.

Mota ita ma ta canza. Taya ta daina yawan faci, batir ya zo a rufe ba a ƙara masa ruwa, baƙin mai yana kai kilomita 8,000 ko fiye. Inji ya koma aiki da kwamfuta, wadda ƙaramin garaji ba shi da kayan duba ta. Masu gyara na musamman suka kwashe aikin. Sai aka rushe garajin gefe, aka mai da shi kanti na lemo da biskit da sigari. A 1988 gwamnati ta kafa doka a kan tankunan ƙarƙashin ƙasa, don tsofaffin suna yoyo suna ɓata ruwan rijiyoyi. Aka ba da wa'adi zuwa Disamba 1998. Doka ce mai kyau, amma ƙananan masu gidajen mai da yawa ba su da kuɗin canza tanki, suka rufe. Daga ƙarshe katin banki ya zo jikin famfo, ko shiga kantin ma ba dole ba ne.

A farkon shekarun 1970 gidajen mai a Amurka sun haura 200,000. Yanzu wuraren sayar da mai ba su wuce kamar 150,000 ba, alhali motoci sun ƙaru ƙwarai, kuma mafi yawansu kantuna ne masu famfo a ƙofa. Faransa ma ta bi wannan hanya. A 1980 tana da gidajen mai fiye da 40,000, yanzu kamar 11,000 suka rage, manyan kantuna sun kwashe cinikin.

Waɗanda suka ƙi, da waɗanda suka yi asara

Ba kowa ya bi ba. Jihar New Jersey ta hana mutum zuba wa kansa mai tun 1949, jihar Oregon tun 1951. Oregon ta sassauta a 2023, aka bar New Jersey ita kaɗai. Ƙasar Birazil ta yi doka a shekara ta 2000 ta hana famfon zuba-da-kanka, don kare aikin ma'aikata. A Afirka ta Kudu ma ma'aikaci ke zubawa, har ya wanke gilashi ya duba taya. Japan ba ta yarda da zuba-da-kanka ba sai 1998.

Wa ya ci riba a Amurka? Mai mota ya rage ƴan santi, ya rage jira. Wa ya yi asara? Tsohuwar da hannunta ba ya iya matsa tiyo. Gurgu da sai ya sauko da kekensa. Har sai da dokar naƙasassu ta 1990 ta tilasta wa gidajen mai su taimaka masu in akwai ma'aikaci fiye da ɗaya. Abin da da ake yi don ladabi, yanzu sai da doka. Saurayin da ke neman ƙofar shiga sana'a ya tarar an toshe ta. Taya kuma tana tafiya ba iska, ba mai gani, sai ta fashe.

Yau an gyara wasu tsofaffin gidajen mai a kan hanya mai lamba 66, an yi masu fenti, an mai da su gidajen tarihi. Baƙi suna zuwa daga Turai da Japan suna ɗaukar hoto. Famfon yana nan, ƙararrawar tana nan, amma ba mai fitowa. In kun duba da kyau, ba isansi Amurkawa ke bege ba, don na yau ya fi na da tsabta. Ba famfo ba ne, don na yau ya fi sauri. Mutum suke bege, wanda ya san sunanka, ya san motarka. Kuma ba wanda ya ƙwace masu shi da ƙarfi. Su da kansu suka sayar da shi, santi biyar biyar.

Mu fa?

Mu a Nijar, zamani uku na wannan tarihi suna zaune tare a gari ɗaya. Ga ƴan ruwa-ruwa a bakin titi da kwalba da mazurari, kamar Amurka kafin 1905, da haɗarin gobara iri ɗaya. Ga gidan mai da ma'aikaci a bakin famfo. Ga kuma sababbin gidaje masu kanti a gefe. Tun 1977 muke da kamfanin ƙasa na SONIDEP mai kula da shigo da mai da ajiyarsa, tun Nuwamba 2011 kuma matatar SORAZ ta Damagaram take tace man Agadem.

Mutumin da Amurkawa suka rasa, mu muna da shi. Amma sau nawa ake duba mana taya ko ruwan inji? Alhali mun fi su bukata. Motocinmu yawanci tsofaffi ne, ga zafi, ga ƙura, ga lodi. Daga Yamai zuwa Damagaram kusan kilomita 900 ne. Tayar da aka duba a Doso ko Ƙonni tana iya tsirar da ran mutum ashirin. Rigakafi ya fi magani.

Saboda haka, kai mai gidan mai, ajiye ma'aunin iska da ruwa da makewayi mai tsabta, ka koya wa yaranka aiki, ka biya su hakkinsu. Kai ma'aikaci, cika mudu, ka nuna wa mai saye lambobin famfo sun koma sifiri kafin ka fara zubawa. Kai direba, kashe inji, kashe taba, ka gaida wanda ke yi maka hidima, don ɗan wani ne, abincinsa yake nema. In ka ga gemun ɗan uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Ga tambayoyi uku da za ku tattauna in kun taru:

1. Me ya sa kamfanonin mai na Amurka suka riƙa ba da iska da ruwa da taswira kyauta, me kuma ya sa suka daina?

2. Su wa ba su ji daɗin gidan mai na da ba?

3. In aka kawo famfon zuba-da-kanka a garinku, aka rage tamma goma a kan lita, wanne za ku zaɓa? Wa zai ci riba, wa zai yi asara?

Nan muka kawo ƙarshen hirarmu ta yau. Allah ya kiyaye matafiya, ya kai kowa gidansa lafiya. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.